Kurakurai Arba'in da Uku na Alois Kudrna

Ƙarfe shida da rabi na safe Alois Kudrna yake fara aiki, kuma shekara arba'in da shida ke nan bai sauya lokacin ba. Kafin ya taɓa dutse sai ya ɗaure wasu ɓarin tsohuwar taya a gwiwoyinsa, ya kafa 'yar kujerarsa mai ƙafa ɗaya a cikin yashi, ya tofa yawu a tafin hannu, sannan ya ɗauki guduma. Da bayan gudumar yake ƙwaƙule yashi, ya zaunar da dutse, ya buga masa sau biyu, ya miƙa hannu ya ɗauko na gaba. Ƙarfe tara ya ci burodi da kitse da albasa a kan gwiwarsa. Ƙarfe uku ya miƙe da ƙyar, hannu ɗaya dafe da ƙugu, ya taka abin da ya daɓe daga farko har ƙarshe don ya ji ko akwai wanda ke motsi.

Abu ɗaya ne ya bambanta shi da sauran masu daɓen dutse na Praha. Ba ya ajiye dutse sai ya juya shi ya dubi duk fuskokinsa shida. Wannan ɗabi'a tana rage masa sauri, kuma abokan aikinsa ba su taɓa barinsa ya manta ba.

"Zabo, dutse ne ko budurwa?" in ji Ferda, abokinsa tun suna koyon sana'a. "Ka juya gaba, ka juya baya, sai ka ce aurensa za ka yi."

"Kai da ka auri taka ba ka duba ba, ai ga shi nan a falo kake kwana."

Sauran abin da suke faɗa wa juna ba zai rubutu ba. A garin nan idan mutum ya cika ashar, cewa muke bakinsa kamar na mai daɓe, kuma su biyun ba su kunyata sana'ar ba.

Birninmu na masu ɗaga kai ne. Baƙo ya sauka daga jirgi, ya ɗaga kai ya kalli hasumiyoyi, ya kalli fada a kan tudu, ya kalli gumakan da ke jere bisa gada, ya koma ƙasarsu da ciwon wuya. Mu ma 'yan Cek haka aka koya mana. Na yi shekara biyar a jami'a ina karanta tarihin birnin nan, na haddace sarakuna da yaƙe-yaƙe da waɗanda aka jefo ta taga, amma babu malamin da ya taɓa ce mana mu dubi abin da ke ƙarƙashin takalminmu. Pan Kudrna kuwa, wato Malam Kudrna da harshenmu, daga can ƙasa ya karanci nasa tarihin. Ya san inda za ka haƙa kamu uku ka tarar da daɓen shekara ɗari shida, ka ƙara haƙawa ka tarar da bakin ƙofar gidan da aka binne lokacin da mutanen da suka gaji da ambaliyar kogin Vltava suka ɗaga ƙasar unguwar baki ɗaya. Kakansa mai daɓe ne. A ƙarshen yaƙin duniya na biyu shi ya nuna wa matasa yadda ake tone titi a gina shinge da duwatsunsa, da aka gama harbe-harbe kuma shi aka kira ya mayar da su. Ubansa mai daɓe ne. Shi ya gyara abin da tankokin baƙi suka farfasa a shekarar sittin da takwas. Pan Kudrna yakan ce, "Su suna yin tarihi, mu muna zuwa washegari da guduma."

Wanda ya ga aikinsa ya san hannunsa. Bayan babbar ambaliyar nan da ta cinye unguwannin bakin kogi, wata mai sayar da furanni ta shaida mini cewa duk daɓen layinsu ya tashi kamar ɓawon gyaɗa, in ban da tsawon gidaje huɗu da Pan Kudrna ya yi. Wani makaho mai gyaran kayan kiɗa ya ce da tafin ƙafa yake gane inda aikin Kudrna ya fara, don a nan ne sandarsa take daina sarƙewa. Duk da haka har ya tsufa ba a ba shi matsayin babban gwani ba, ba a taɓa sa shi shugabancin ko mutum uku ba. Dalilin yana ƙarƙashin tagar ɗakina.

Lungunmu gajere ne, baƙin dutse ne daga wannan baki zuwa wancan. Amma nan da can, ba tsari ba ƙa'ida, akwai 'yan ƙananan fararen duwatsu irin waɗanda ake ƙawata gefen titi da su, an cusa su a inda ba wurinsu ba. Lungun ya fito da ɗigo-ɗigo kamar bayan zabo. Alois Kudrna ne ya daɓe shi yana ɗan shekara ashirin da shida. Mai duba aiki ya zo ya gani, ya rubuta a takardarsa cewa yaron nan ba shi da ido, takardar kuma ta bi shi har tsufa. Daga nan sunan Zabo ya samo asali. Gwamnati ta faɗi, ƙasa ta rabu biyu, kamfanoni sun sayi juna, sunan yana nan.

Ni a lungun na girma. Ba ni da ƙawaye sosai, don haka wasana shi ne tsalle daga farin dutse zuwa farin dutse. Kakar bara wani wuri ya lotsa kusa da ƙofarmu, aka turo shi ya gyara. Kwana biyu ina kallonsa ta taga. A na uku na sauko da kofi.

"A'a, Malamar Taga ta sauko," ya ce. "Na ɗauka fenti aka yi ki a jikin gilashin."

Na miƙa masa kofin. Na daɗe tsaye kafin na iya tambaya. "Pan Kudrna, me ya sa arba'in da uku?"

Ya ajiye guduma. "Wa ya ce miki arba'in da uku ne?"

"Na ƙirga."

"Kusan shekara arba'in," ya ce, "sai yau aka sami mai ƙirgawa."

Ya waiga hagu da dama. Sannan ya sa ƙarfe ya ɓanɓaro baƙin dutsen da ke manne da wani fari, ya share gindinsa da hannun riga, ya miƙo mini. Gindin sumul yake kamar madubi. A jikinsa akwai harufa biyu da rabi na Ibraniyanci, zarto ya yanke na ukun a tsakiya. Dutsen kabari ne.

Ga yadda abin ya faru. A shekarar tamanin da bakwai aka yi ta gyaran tsakiyar birni cikin gaggawa, saboda manyan baƙi da ake jira. Wata safiya mota ta juye musu duwatsu a bakin lungun, baƙaƙe masu kyau irin waɗanda bai taɓa riƙewa ba. Ya juya ɗaya ya ga rubutu. Ya juya wani ya ga rabin tauraro. A ƙauyuka akwai maƙabartun Yahudawa da babu sauran mai ziyartarsu, domin masu ziyarar an kwashe su a jiragen ƙasa tun zamanin yaƙi, ba su dawo ba. Wani ya ga dutse mai kyau yana zaune a banza, ya sa aka yayyanka.

Ya kai wa shugaban aiki, wani mai suna Vosatka. Vosatka bai ko karɓa ba.

"Me ka gani, Kudrna?"

"Rubutu ne, shugaba."

"Kana iya karanta shi?"

"A'a."

"To ba rubutu ba ne. Gefen mai santsi ƙasa yake kallo, santsi yana kayar da mutane. Yaya jikin mai ɗakin naka? Na ji cikinta wata bakwai. Har yanzu kuna cikin layin masu jiran gida, ko?"

Kudrna ya koma ya zauna a kujerarsa. Ya kife na farko, ya buga masa sau biyu. Amma kafin ya ɗauko na gaba sai ya miƙa hannu cikin tulin fararen duwatsun gefen titi, ya ɗauki ɗaya, ya fasa kusurwar dutsen maƙwabci, ya cusa farin a nan. Haka ya yi wa duk mai rubutu da ya biyo ta hannunsa, har arba'in da uku. Vosatka ya ɗauka sakarci ne, ya zage shi tas, amma lokaci ya ƙure, ba halin tonewa.

"Kada ki mai da ni waliyyi," ya ce mini ran nan, yana mayar da dutsen mazauninsa. "Ni na kife su. Da hannun nan. Mun sami gidan kuwa, ɗaki biyu da baranda."

Da mulki ya sauya ya rubuta wasiƙa zuwa ofishin da abin ya shafa. Ya sake rubutawa bayan shekara shida, ya sake bayan goma. Amsar ɗaya ce: an gode da kishinsa, za a duba idan lokacin sake daɓen lungun ya yi. Bai kai wa jarida maganar ba, bai je wurin Yahudawan birni ba, kuma na tambaye shi dalili. Ya ce, "In je in ce musu me? Barka da rana, ni ne na shimfiɗa kakanninku karnuka suna fitsari a kai?" Ko Ferda bai gaya wa ba. Ya zaɓi a riƙa kiransa Zabo.

Pan Kudrna, kai ne wanda ya haɗiye sunan banza shekara talatin da takwas don kada taswirarka ta ɓace. Sau biyu aka so a turo wani ya cire fararen ya gyara maka kuskure, sau biyu ka ce kai ka ɓata, kai za ka gyara, ka zo ka zauna yini guda kana buga guduma a banza ka tafi ka bar su. Ban ce abin da ka yi a tamanin da bakwai daidai ne ba, kai ma ba ka ce ba. Amma a wannan shekarar masu daɓe nawa ne suka juya dutse suka ga abin da ka gani? Lungu ɗaya ne kawai ya fito da bayan zabo.

Bana lokacin ya yi. Aka ba kamfanin da yake wa aiki kwangilar sake lungun: a kwashe tsohon dutse a kai injin niƙa, a mai da shi tsakuwar ciko, a kawo sabo. Saura masa mako bakwai ya yi ritaya. Ya sa rigarsa ta zuwa biki ya je wurin mai kula da aikin, Injiniya Holub, saurayi ɗan shekara talatin da ɗaya, ya faɗa masa komai, har da abin da bai taɓa faɗa wa matarsa ba. Ya roƙi yini ɗaya kawai kafin katafila ta shiga.

Injiniya ya saurara da kyau, har ya dafa kafaɗarsa. "Ba damuwa, kaka. Litinin za mu fara. Safiyar Litinin taka ce."

Injiniya ya san abin da tsohon bai lissafa ba: in maganar ta fita, masu binciken kayan tarihi za su zo, aiki ya tsaya makonni. Ranar Alhamis ya tura Pan Kudrna wani aiki a hayin kogi. Ranar Juma'a ƙarfe bakwai na safe katafila ta shigo lungunmu.

Na ganta ta taga. Na sauko har bakin ƙofa, na tsaya. Mai tuƙin ƙaton mutum ne, kunnuwansa a toshe, ni kuwa ban taɓa ɗaga murya ga baƙo ba. Na tsaya ina tsara abin da zan ce har bakin katafilar ya ci ƙasa sau uku, sannan na koma na buga wa Pan Kudrna waya. Minti ashirin da biyar ya ɗauka kafin ya ƙetaro kogi. Kafin ya iso tipa ɗaya ta cika ta tafi.

Bai yi ihu ba. Ya shigo lungun yana haki, da kujerarsa a hammata. Ya wuce ta ƙarƙashin igiyar da aka kewaye wurin, ya kafa kujerar taku biyu daga haƙoran katafila, ya zauna, ya ciro ƙarfensa, ya fara ɓanɓarar dutsen da ke kusa da farin farko.

Mai tuƙi ya kashe inji. Injiniya Holub ya taho da gudu.

"Kaka, tashi daga nan. Ka san abin da kake yi kuwa?"

"Yau Litinin ce, Malam Injiniya?"

"Tsari ne ya sauya. Tashi mu yi magana a ofis."

"Mun yi magana a ofis."

"Saura maka mako bakwai. Kada ka ɓata shekara arba'in da shida saboda tsakuwa."

Pan Kudrna ya ciro dutsen, ya share gindinsa, ya ajiye shi a gefe, rubutun yana kallon sama. Ferda, wanda yake cikin masu aikin ranar, ya matso ya leƙa. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya dubi lungun, ya bi fararen ɗigon da ido har ƙarshe.

"Lojza," ya ce. Rabon da ya kira shi da sunan gida tun suna samari. "Duka?"

"Duka."

"Kai ɗan banzan tsoho! Shekara talatin da takwas ka bar ni ina maka dariya?"

"Ai da wani abin za ka samu. Kawo ƙarfenka, ka fara daga can."

Ferda ya juya ga injiniya, ya yi masa wata ashar mai tsawo wadda ta taɓo uwar katafilar da uban wanda ya ƙera ta, sannan ya durƙusa. Mutanen lungu suka fara fitowa. Mai gidan burodi ya kawo katako aka jera duwatsun a kai. Wata tsohuwa ta ɗauki hoto da waya. Daga nan babu mai iya kunna inji a gaban idon jama'a. Kafin azahar sun ciro talatin da ɗaya.

Goma sha biyu suna cikin tipar farko. Pan Kudrna ya bi ta har wajen gari a motar Ferda, ya tarar an riga an juye ta cikin injin tun ƙarfe tara. Mai gadin wurin ya nuna masa tulin tsakuwa mai tsayin gida, ya ce in yana so ya tona.

Ranar Litinin, wadda aka ce tasa ce, aka ba shi takardar sallama saboda tsayar da aiki da shiga wurin da aka hana. Ba walimar ban kwana, ba agogon da ake ba masu ritaya. Ferda aka ba shi gargaɗi. Bayan wata uku aka buɗe lungun da yanka ƙyalle. Wani babba ya yi jawabi a kan birni mai shekara dubu wanda ba ya manta 'ya'yansa. Jarida ta buga cewa kamfanin ya gano duwatsun a yayin aiki, ya miƙa su cikin girmamawa, ga hoton Injiniya Holub riƙe da ɗaya a hannu bibbiyu. Na karanta labarin sau uku ina neman sunan Kudrna. Babu. Lungun yanzu baƙi ne sumul, babu kuskure ko ɗaya.

Wadda ta karɓi duwatsun a madadin Yahudawan birni wata dattijuwa ce, Pani Ledererova, wato Malama Ledererova, tsohuwar malamar lissafi. Ita ta nemi a kawo mata wanda ya san adadinsu. Ya zo ya same ta a maƙabartar Yahudawa da rigar bikin nan, hula a hannu, ya faɗa mata abin da ya yi shekara talatin da takwas yana gudun faɗarsa.

"Ni na kife su, uwargida."

"Na sani. An gaya mini." Ba ta ce ta yafe ba. Ta ce, "Ba nawa ba ne da zan yafe, Pan Kudrna, masu su ba sa nan. Nawa ne duka?"

"Arba'in da uku."

"Ga talatin da ɗaya. Ina son a shimfiɗa su a gindin bangon can, fuska sama. An ce kai ba ka da ido, amma ba mu da wani."

Kwana biyu ya yi yana aikin, alhali na rabin yini ne. Na je ranar ta biyu. Ya ja layi, ya daidaita yashi, ya zaunar da kowanne ba tare da ya buga guduma a kan rubutu ba. Da ya miƙe sai na ga bai matse su wuri ɗaya ba. Gurbi arba'in da uku ya auna. Goma sha biyu ya bar su yashi zalla, kowanne daidai girman dutse, a warwatse cikin layukan. Mutumin da tun yana ɗan shekara goma sha takwas aka koya masa cewa giɓi shi ne abin kunyar mai daɓe.

Pani Ledererova ta ƙirga da sandarta, ta kai ƙarshe, ta sake ƙirgawa.

"Ruwa zai shiga ramukan nan," ta ce.

"Zai shiga."

"Ciyawa za ta fito."

"Zan riƙa zuwa ina cirewa."

Pan Kudrna, mun gode. Na san godiyar ta zo a makare, kuma daga bakin da ya kasa buɗewa ranar da ake bukatarsa. Uku daga cikin ramukan nan, ko huɗu, da na ɗaga murya da ba ramuka ba ne. Ban san adadin ba, kai kuma ba ka taɓa faɗa mini ba. Mun gode da layin mai furanni da bai tashi ba, da sandar makaho da ba ta sarƙe ba. Mun gode da sunan Zabo da ka ɗauka a madadin gari guda wanda ya taka, ya wuce, bai tambaya ba. Gudumar da ba ta da suna a jarida, Allah ya hutar da gwiwoyinka.

Ku kuma da kuke karantawa, ba na ce ku zama jarumai ba, shi ma bai zama ba. Wata rana wani Vosatka zai tambaye ku lafiyar iyali, ya ce gefen mai santsi ƙasa yake kallo. In kun iya ƙi, ku ƙi. In ba ku iya ba, ku bar alama, ku tsare ta, ku yarda a yi muku dariya a kanta. In kuwa kuna taga kuka ga katafila ta shigo, kada ku tsaya tsara magana.

Duk Juma'a ƙarfe shida da rabi yana bakin ƙofar maƙabartar, da taya ɗaure a gwiwa, yana jiran mai gadi ya buɗe. Ba ya zuwa da guduma. Yakan durƙusa a gindin bangon ya tsince ciyawa daga ramuka goma sha biyu, ɗaya bayan ɗaya, ya daidaita yashin da tafin hannu.